Maharbin da Ba Ya Kallon Bindigarsa

Makon jiya na hau kabu-kabu zan je gaisuwar mutuwa a wata sabuwar unguwa da ke bayan garin Tawa. Mai babur ɗin ya yi ta kurɗawa da ni lungu-lungu, nan shagon walda, can mai cajin waya, ga gidajen siminti kowanne da farantin sola a ka. Da ya sauke ni na ɗaga kai, sai na ga dutsen.  Jan dutse ne mai tsagi a tsakiya, na san shi kamar yadda na san ƙofar ɗakina, amma yau wani bawan Allah ya jingina masa garken awaki. Nan ne filin harbinmu a da. Inda muke jeruwa mu tsaya, yanzu wata mata ce ke suyar ƙosai. Inda ake kafa allunan harbi kuwa, makewayin wani ne. Na yi ta tsayuwa ina kallo har mai gidan makokin ya fito ya kama hannuna, yana tsammanin tsufa ne ya ruɗa ni.

A wancan lokaci babu komai a wurin sai fako da tsakuwa da ƴan itatuwan anza. In aka yi harbi ɗaya, dutsen zai mayar maka da shi sau biyu, na biyun can ƙasa-ƙasa kamar ana daka a wani gida mai nisa. Tsakanin harbi da harbi kuwa, shiru ne irin wanda yanzu ko a maƙabarta ba ka samunsa. Kana jin faɗuwar kwanson harsashi a kan tsakuwa, kana jin kurciya can bayan dutse, kana jin numfashin wanda ke tsaye kusa da kai. Yanzu ina ganin samari a fadar shayi, kowa ya duƙufa a kan wayarsa yana harbi da babban yatsa, mutum ya kashe ɗari kafin buta ta tafasa, ana ta shewa. Mu kuwa sai mu yini cikin rana a kan harsashi biyar, kuma kowane ɗaya sai ka faɗi inda ya tafi da dalilin da ya kai shi can. Ba ina cewa zamaninmu ya fi daɗi ba ne, haba, yunwa ta fi yawa lokacin, ƙaya ma haka. Amma abin da idona ya gani a gindin dutsen nan, ban sake ganin irinsa ba har furfura ta cika mini kai.

Tsohona maharbi ne, a wani ƙauye gab da Bambeye. Ba irin maharban nan masu yawan surutu a kasuwa ba. In ya saɓa bindigarsa da asuba, to Inna tana ɗora tukunya tun bai dawo ba, don ta san ko zabo ko zomo sai ya shigo gidan. Bindigar ƙirar maƙera ce, doguwa, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki a danna tsumma a kai. Ni nake goge ta da man shanu, ni nake tsinto masa ƴan guntayen ƙarfe a maƙera, har yau kuma in na ji warin ashana sai in tuna zaurenmu. A cikin zauren nan akwai ƙanensa, Baba Ƙarami muke ce masa, kullum yana zaune yana tufkar igiya da kaba. Ba shi da ido ko ɗaya. Tun suna samari bindiga ta fashe masa a fuska, kuma tsohona ne ya ɗura ta da hannunsa ya miƙa masa. Tun daga ranar tsohona ya sake salon harbinsa. Zai auna, ya gama aunawa sarai, sannan ya kau da fuskarsa zuwa kafaɗar hagu, ya runtse ido, ya ja kunama. Haka ya koya mini. Ranar da na fara harbi kuwa, ya kama kunnena a gaban Baba Ƙarami ya ce, “In ka taɓa kallon bindiga tana magana, ban yahe maka ba, duniya da lahira.” Na ce na ji. A ƙasarmu ta Adar in uba ya faɗi wannan kalma, ba a sake tada zancen.

Mu uku tsohona ya haifa maza. Kowa ya san halin ƙasarmu: da an gama kaka, samari sai su ɗaure ƴan tsummokaransu su tafi bida, wasu Kano, yawanci Abijan. Yayyena biyu duk sun tafi. Ɗaya yana aiko da saƙo jefi-jefi, ɗayan kuwa ko a bakin matafiya ba mu sake jin sunansa ba. Ni kaɗai na rage, ni ma ɗin gonarmu ba ta kai mu damina. Sai Allah ya kawo ɗaukar sababbin masu tsaron gandun daji a Tawa, da ɗan lakkal ɗin da na taɓa, wato karatun boko, aka rubuta sunana. Tsohon ya yi dariya ya ce, “To, kai za ka zo ka kama ni ke nan.” Amma na ga yadda ya sauke ajiyar zuciya. Tawa tafiyar yini ce da jaki, Abijan kuwa sai wanda Allah ya dawo da shi. Sai dai ɗaukar ta gwaji ce, wata uku. A ƙarshe akwai jarrabawar harbi da ƙaramar bindiga, wadda muke ce wa fistole. Wanda ya fi kowa shi zai tsaya mana a gasar da ake yi da sojoji da jandarmomi da ƴan duwan, wato kwastan. Wanda ya kasa kuwa, ya ajiye kaki ya kama gabansa. Gaban nawa ni na san ko ina ne: tashar motocin kudu.

Ni kuwa da bakina! Tun ranar farko na cika wa abokaina kunne cewa ni ɗan maharbi ne, a cikin hayaƙin albarushi aka yaye ni, wannan ƴar bindigar da ba ta kai tafin hannu biyu ba ai abin wasan yara ce. Aka kai mu gindin dutse, aka ba kowa harsashi biyar. Na harba biyar ɗin nan ina ji da kaina. Da aka je duba alluna, nawa fes yake kamar yanzu aka sayo shi. Ƙasar da ke gabansa ce ta sha wuya. Kai, na ga dariya ranar! Wani ɗan Maradi mai bakin tsiya ya sa mini suna Sarkin Yaƙin Tururuwa, sunan kuma ya bi ni har bakin rijiya. Mako ya bi mako, abokaina suna ta matsowa tsakiyar allo, ni kuwa kullum hagu da ƙasa. Na ce bindigar ce karkatacciya, aka sake mini wata. Na ce rana ce ke shiga idona, aka mayar da ni safe. Har abinci ya daina shiga mini.

Mai koya mana wani ajidan ne, muƙamin da ke sama da saje, Buzu daga arewacin Tebaram, dogo siriri, ya kusa barin aiki. Ba ya ɗaga murya, ba ya zagi, amma in ya kalle ka sai ka gwammace mari. Maganarsa kaɗan ce, kullum kuma ita ce dai. “Kowace bindiga akwai harsashi cikinta, ko da idonka ka ga an zazzage ta.” “Ba fizgar kunama ake ba, matsa ta ake a hankali, kamar mai tatsar akuya.” “Harsashin da ya fita ya fita, kada ka bi shi da zuciyarka, na cikin bindiga shi ne naka.” Yakan sa mu tsaya da bindiga babu komai cikinta, ya ɗora kwanson harsashi a tsaye a kan bakinta, ya ce mu matsa kunama kada kwanson ya faɗi. Nawa kam kafin kunama ta motsa ya riga ya kai ƙasa.

Saura kwana goma jarrabawa, ya tsayar da ni bayan kowa ya watse. Ya ce, “Ɗan maharbi, kai kana rufe ido.” Na ce, “Ni? Wallahi mon ajidan ba na rufewa.” Ba ƙarya nake ba, abin ya zama jikina har ban san ina yi ba. Bai ja da ni ba. Ya juya baya ya ɗura bindiga, ya miƙo mini. Ashe ya sa wani mataccen harsashi a ciki, wanda aka cire wa albarushi. Na harba na farko, na harba na biyu. A na uku bindiga ta ce ƙyas, babu ƙara, babu hayaƙi. Sai ga ni tsaye haɓata a kan kafaɗar hagu, idona a runtse gam, bakin bindiga yana kallon tsakuwar da ke gabana. Na buɗe ido na ga kaina a haka. Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Nan na zauna na gaya masa komai, da Baba Ƙarami da igiyarsa, da kalmar da tsohona ya faɗa yana riƙe da kunnena. Na ce, “Mon ajidan, in na buɗe ido na saɓa wa ubana. In ban buɗe ba kun kore ni.” Na yi zaton zai yi dariya ko ya ce camfin ƙauye ne. Sai ya jujjuya mataccen harsashin nan a tafinsa ya ce, “Kala-kala, a'a, ba ni zan kwance abin da uba ya ɗaure ba. Aika a kira shi.”

Ranar kasuwar Tawa tsohon ya iso, ya kawo igiyoyin Baba Ƙarami a kan jaki. Bayan azahar na kai shi gindin dutse. Ina iya ganinsa har yanzu, da ƴar taguwarsa mai launin ƙasa da takalmin taya, tsaye gaban mutum mai kaki da igiyoyin muƙami a kafaɗa, ko a jikinsa. Suka gaisa gaisuwa mai tsawo, ta gida da ta dabbobi da ta ruwan bara. Sannan ajidan ya zazzage bindiga ya miƙa masa da hannu biyu. Tsohon ya jujjuya ta, ya ƙwanƙwasa ta da farce ya kai kunne, ya sansana bakinta.

Ya ce, “Wane maƙeri ne ya ƙera wagga?”

Ajidan ya ce, “Baba, ban san shi ba. Daga ƙasar Turawa take.”

“Ba ka san shi ba? To in ta hwashe, ƙohwar wa za a tahi?”

Ajidan ya yi murmushi, karo na farko da na ga haƙorinsa. Ya ce, “Ɗanka ya cika mana baki da kai. Ko za ka taɓa ta mu gani?”

Ya ɗura mata biyar, ya nuna masa yadda ake riƙo da inda ake dubawa, sau ɗaya tak. Tsohon da bai taɓa riƙe irinta ba ya gyara tsayuwa, ya nutsa ƙafafunsa cikin tsakuwa, ya ɗaga hannu. Ya daɗe yana aunawa, har na ji kurciyar nan ta yi kuka sau uku. Sannan a hankali ya kau da kai zuwa hagu, ya runtse ido, bindiga ta tashi. Ya dawo da fuska, ya sake aunawa, ya sake kau da kai. Haka har biyar. Muka taka zuwa allo mu uku. Jama'a, duka biyar ɗin suna cikin baƙin tsakiya, tafin hannuna ya rufe su.  Shekara nawa ina cin naman da mutumin nan ke kawowa, ban taɓa sanin wane ne ubana ba sai ranar.

Ajidan ya matso. Ya zazzage bindigar, ya mayar masa, ya ɗora kwanson nan a bakinta ya ce ya sake yi babu harsashi. Tsohon ya auna, ya juya kai gaba ɗaya har yana fuskantar jakinsa, ya matsa kunama. Kwanson ko girgiza bai yi ba. Wuyansa ne kawai ya motsa, daga kafaɗa zuwa yatsa kuwa kamar an sassaƙa shi da icen gawo. Ajidan ya cire hularsa ya riƙe a hannu. Mutumin da ya koya wa ɗaruruwa harbi, na ji shi da kunnena yana cewa, “Ikon Allah. Ikon Allah.”

Sannan ya juyo ya ce, “Baba, ka ga matsalarmu. Ɗanka wuyanka ya ɗauko, bai ɗauko hannunka ba. In ya juya kai, hannunsa bin kan yake. Hannu irin naka sai an shekara talatin a daji, ni kuwa kwana shida gare ni. In ya buɗe ido, kwana shida sun ishe ni. In bai buɗe ba, ba ni da ikon riƙe shi, ka kuma san inda samarinku ke zuwa. Shekarata ashirin da ɗori da irin wannan bindiga, ban ga ta fashe ba. Amma ba zan rantse maka a kan gobe ba.”

Tsohon ya dube ni, ya dubi ƙasa. Sannan ya tambayi inda zai samu ruwa. Ya yi alwala da ɗan ruwan gorarmu, ya koma gefe ya yi la'asar, muka bi shi. Bayan an sallame ya daɗe zaune, hannayensa a kan gwiwa. Ni dai zuciyata ta gama yanke cewa Abijan ta kira ni, har ina tunanin wa zan bi a cikin masu tafiya. Ban ji haushinsa ba, wallahi. Na san abin da yake gani kullum in ya shiga zaure.

Da ya tashi sai ya ce wa ajidan, “Wace ce za ku ba shi ranar gwajin? Ita nika so, ba ƴar uwarta ba.”

Ajidan ya ce ita ce wannan da ke hannunsa.

“Ɗura mata guda. Ku ja baya, ku duka.”

Muka ja baya. Tsohon ya karɓe ta, ya tsaya yadda ya tsaya ɗazu, ya ɗaga hannu, ya auna. Ina jiran in ga kan nan ya juya, sai na ga bai juya ba. Sai ma ya tanƙwara hannu ya matso da bindigar kusa da fuskarsa, fiye da yadda ake yi, har ajidan ya buɗe baki zai yi magana ya fasa. Jijiyoyin wuyansa suka miƙe kamar igiyar guga, kan yana so ya tafi, shi kuma ya hana shi. Zufa tana bin gemunsa. Ya zare idanun nan biyu a kan ƙarfen da bai san maƙerinsa ba. Sai a lokacin na gane abin da yake yi: in za ta ci idon wani, to ta fara da nasa. Na so in yi ihu in ce Baba bari, na fasa aikin. Hannun da ɗazu ya riƙe kwanso bai motsa ba, yanzu rawa yake kamar ganye.

Bindiga ta tashi. Harsashin ko kusa da allo bai je ba, can saman dutse ya tada ƴar ƙura. Tunda nake ban taɓa ganin tsohona ya harba ya kuskure ba sai wannan karon. Ya sauke hannu a hankali, bakin bindiga a ƙasa. Ya kai yatsun hagu ya shafa idonsa na dama, ya shafa na hagu. Ya yi ƴar dariya wadda ba ta da maraba da kuka ya ce, “Ashe wuta ce ƴar ƙanƙanuwa haka.”

Ya miƙa wa ajidan bindigar ya ce a ɗura biyar. Sannan ya kira ni da sunan da Inna kaɗai ke kirana da shi, ya ce, “Auta, zo. Abin da na hwaɗa maka a zaure, na ɗauke shi. Dube ta.”

Na karɓa. Na tsaya, na sauke numfashi rabi kamar yadda aka koya mana, na matsa kunama a hankali. Karo na farko a rayuwata na ga bakin bindiga ya yi tsalle ya dawo mazauninsa, na ga ɗan tartsatsin, na ga takardar allo ta motsa. Biyu suka shiga baƙi, biyu suka tsaya gefensa, ɗaya wuyana ya ci amanata ya tafi wurin tururuwa. Kwana shida bayan nan na ci jarrabawa. Gasar shekarar ɗan Maradin nan ne ya tsaya mana, ni sai daga baya na tsaya, har na karɓo mana kofi daga hannun jandarmomi, na kuma koya wa wasu da yawa kafin in ajiye kaki. Amma duk wannan daga baya ne.

A ranar dai, da na gama biyar ɗin na juyo da murna zan nuna masa allo. Ashe shi ko sau ɗaya bai kalli allon ba. Daga baya ajidan ya ce mini tun harbin farko har na ƙarshe tsohon yana tsaye dab da kafaɗata, fuskata kawai yake kallo. Na ce, “Baba, ka ga biyu a tsakiya?”  Ya kama kumatuna da hannayensa masu kaushi, ya juya ni wajen hasken rana, ya buɗe idona na dama da babban yatsa ya leƙa, ya buɗe na hagu ya leƙa, ya daɗe yana dubawa. Sannan ya sake ni, ya kwance jakinsa.

Ya ce, “To, zamna Tawa.”